Yadda Ake Tafiyar da Ƙaramar Mujallar Hausa a Intanet Daga Zangon Akra

Mutum uku ko huɗu sun isa su riƙe shafin da zai riƙa kawo labaran unguwannin Akra irin su Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina da Hausa. Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: wayar Android mai ɗan ƙarfi, laftof guda ko da ta hannu ce daga kasuwar Circle, sai kuɗin sunan shafi da na masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet, da za a riƙa biya duk shekara. Galibin manhajojin da zan ambata kyauta ne. Abin da nake so ku kula da shi sosai shi ne wanda za ku fara kafawa da wanda zai biyo baya, domin shafuka da dama a wuri guda suke karyewa. An buɗe komai da imel ɗin mutum ɗaya, a wayar mutum ɗaya, ranar da ya yi tafiya ko aka sami saɓani sai aikin shekaru ya bi shi.

Mataki na farko: imel da mabuɗai

Kafin ku kashe ko sidi ɗaya, ku buɗe sabon adireshin Gmail da sunan mujallar. Da shi za a yi rajistar duk abin da ke tafe: sunan shafi, masauki, manhajar zane ta Canva, wurin ajiya. Google na ba kowane adireshi gigabait 15 kyauta, kuma wannan zai ɗauke ku tsawon lokaci matuƙar ba bidiyo kuke jibgewa ba.

Ku sayi layin waya na musamman don aikin. Tun da yanzu kowane layi da Ghana Card ake masa rajista, dole sunan mutum guda zai hau, don haka ku zaɓi wanda yake zaune daram a unguwa, ba mai shirin fita waje ba. A riƙa sa masa kati ana ɗan kira da shi, saboda kamfanonin waya na karɓe layin da aka daɗe ba a taɓa ba su sayar wa wani, shi kuwa wanda ya gaji layin yana iya gadar saƙonnin tabbatarwa na imel ɗinku.

Daga nan ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail ɗin. A wurin za ku ga inda Google ke bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10. Ku buga su a takarda kwafi biyu, ɗaya a hannun edita, ɗaya a hannun wani dattijon da kuka amince da shi. Kalmomin sirri kuma kada su riƙa yawo a WhatsApp. Ku sa manhajar Bitwarden, wadda tsarinta na kyauta ke barin mutum biyu su haɗa ma'ajiya guda. A WhatsApp na aikin ma ku sa lambar sirri mai alƙaluma shida, kuma ku gaya wa kowa a tawagar cewa duk wanda ya kira yana neman a karanto masa lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya ce daga ƙungiyar masallaci yake ko daga ofishin MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya.

Ku rubuta a takarda wane ne ke riƙe da me, kowa ya sa hannu. Yanzu da zumunci ke da daɗi za a ga kamar ba dole, amma yanzun ne kaɗai ake iya rubuta ta cikin ruwan sanyi.

Mataki na biyu: suna da masauki

Wani zai ce mene ne amfanin wahalar shafi, ga Facebook kyauta? Duk ɗan Akra ya san zaman haya: ka biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, ka yi fenti, ka gyara famfo, rana ɗaya mai gida ya ce ɗansa zai dawo. Facebook haka yake. Yana iya rufe shafinku ba tare da wanda za ku kai wa kuka ba, kuma rubutun da kuka yi bara ko ku kanku sai kun sha wuya kafin ku tono shi. Ku yi amfani da shi wajen tallata abin da kuka wallafa, amma asalin rubutun ya zauna inda mabuɗin ke hannunku.

Sunan shafi ya zama gajere, ba harafi mai ƙugiya, ba lamba, ba karan ɗori. Ku gwada shi haka: ku kira gwaggo a waya ku faɗa mata sunan sau ɗaya, ku ce ta sa wani yaro ya rubuta. Idan ya rubuta daidai, sunan ya yi. Kuna iya ɗaukar mai ƙarewa da .com ko mai ƙarewa da .com.gh. Na biyun yana ƙarƙashin hukumar rajistar sunayen intanet ta Gana, wadda dokar mu'amalar lantarki ta 2008 ta tanada, kuma yana nuna wa mai karatu daga ina kuke. Na farkon ya fi sauƙin saye da sauƙin ɗauka daga wannan kamfani zuwa wancan.

A nan ake yawan yin asara. Yaron da ya iya kwamfuta ya ce ku kawo kuɗin ya saya muku, sai ya yi rajistar a cikin asusunsa. A ido naku ne, a takarda nasa ne. Ku zauna tare da shi, ku buɗe asusun da imel ɗin mujalla, shi ya nuna, ku ku danna.

Masauki shi ne kwamfutar kamfanin da shafinku zai zauna a kai dare da rana. Kamfanonin cikin gida da yawa na karɓar MoMo, kuma ana samun su a waya idan abu ya lalace. Na waje sai da katin banki, farashi kuma da dala, wanda duk ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san abin da hakan ke nufi ranar sabuntawa. Ko wanne kuka zaɓa, ku tambayi kuɗin shekara ta biyu, ba na farko kaɗai ba, domin ragin da ake yi wa sabon shiga yakan ɓoye ainihin farashin. Ku tambaya ko suna ba da takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Wanda ya ce sai kun biya ta daban, ku wuce shi.

Idan aljihu bai kai ba, kada a fasa. Blogger na Google kyauta ne, kuma yana yarda ku liƙa masa sunan da kuka saya. Ku sayi suna kawai, ku fara a can. Ranar da kuka sami hali sai ku kwashe ku koma WordPress da sunan nan naku.

Mataki na uku: kafa WordPress

WordPress manhaja ce ta kyauta ta gina shafi da wallafa rubutu, wadda ta fito a 2003, kuma kusan kowane masauki na da maɓallin da ke sa ta cikin 'yan mintuna. Da ta hau, ku shiga Settings ku gyara abu uku. Lokaci ya koma na Akra. A Permalinks ku zaɓi Post name, don adireshin kowane rubutu ya zama kalmomi maimakon lambobi. Sannan ku leƙa Reading ku tabbatar ba a danna akwatin da ke hana Google ganin shafin ba, domin wasu masu ginawa kan danna shi lokacin aiki su manta.

Kowa ya sami nasa asusun. Mutum biyu kacal za su zama Administrator. Mai gyara ya zama Editor. Sabon marubuci a ba shi Contributor, wato yana iya rubutawa amma ba ya iya wallafawa sai edita ya duba. Ba rashin yarda ba ne, hanya ce ta hana labarin rasuwa fita kafin dangi su ji.

Rigar shafi, wato theme da ke tsara kamanninsa, ku ɗauki marar nauyi, irin GeneratePress ko Astra ko wadda ta zo da WordPress ɗin. Masu hotuna na zamewa da rubutu na walƙiya suna burge mai laftof, mai ƙaramar Itel ko Tecno a cikin motar haya ta trotro kuwa sai dai ya yi ta kallon farin allo. Ƙananan manhajojin da ake liƙawa, wato filogin, huɗu sun isa a farko: UpdraftPlus don kwafin ajiya, Yoast SEO ko Rank Math don yadda shafi ke bayyana a Google da WhatsApp, Wordfence don tsaro, da guda ɗaya na saurin buɗewa wanda masaukinku ya ba da shawara. Filogin ɗin kuɗi da wani ya ce zai ba ku a ɓagas, kada ku karɓa. Ta nan ake cusa wa shafi cuta.

Mataki na huɗu: haruffa masu ƙugiya

Wannan ne wurin da mai shafin Turanci ba ya shan wahala, mu kuwa dole mu tsaya. Ɓ, ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, kuma mujallar da ta yar da su tana koya wa yara kuskure a kowane layi.

A waya, ku buɗe saitin Gboard, ku shiga harsuna, ku ƙara Hausa. Idan kuka danna k kuka riƙe, ƙ zai fito, haka d da b. SwiftKey ma na da Hausa. A Windows ku ƙara Hausa a saitin harshe, sai ku riƙe Alt na hannun dama ku danna harafin. Wanda ke rubutu a Word ko LibreOffice yana da wata hanyar idan ya maƙale: ya rubuta 0199 ya danna Alt da X tare, sai ya koma ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ kuma 0253.

Rubutawa rabin aiki ne, saura nunawa. Ba kowane salon haruffa ke ɗauke da namu ba. Idan babu, ko dai a ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko burauza ta aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ya yi tsayi ko ya rame a tsakanin 'yan'uwansa. Noto Sans, Noto Serif, Andika da Charis SIL duk suna da su, duk kuma suna Google Fonts kyauta. Idan rigar shafinku ta tambayi rukunin haruffan da za ta ɗauko, ku haɗa da Latin Extended, nan namu suke. Kafin ku amince da kowane salo, ku buɗe shafin gwaji ku rubuta layi irin wannan: Ƙaramin ɓera ya ɓuya a ɗakin ƙosai. Ɗauko shi. Ɓoye shi. Ku duba shi a matsayin take, da baƙi mai kauri, da mai jirge, a laftof da kuma a mafi arhar wayar da ke gidan.

Wata rana za ku kwafo tsohon rubutu ku ga ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™, ɗ kuma ya zama É da dogon layi. Rubutun bai lalace ba, an buɗe shi ne da tsarin da ba UTF-8 ba. Ku koma asalin fayil ɗin ku sake buɗe shi da UTF-8, kada ku zauna gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Sai adireshin kowane rubutu. Idan take na da ƙ, adireshin da aka kwafa zuwa WhatsApp zai fito da %c6%99 a madadinsa, ya yi tsawo, ya yi kama da na 'yan damfara, mutane su ji tsoron dannawa. Kafin wallafawa ku gyara shi da hannu: kalma uku ko huɗu, haruffa marasa ƙugiya. Take ya zauna da ƙugiyoyinsa, adireshi kawai ake saukewa.

Ku kuma tsai da shawara tsakanin 'y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Duka daidai ne, cakuɗa su ne ba daidai ba.

Masu son sa ajami su ma ba a bar su a baya ba. Akwai salon Alkalami mai kama da rubutun allo na Kano, da Harmattan, duka daga ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. Gana, ƙasar da malamin nan Alhaji Umaru na Karaci, wato Kete Krachi, ya zauna ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a 1934, wadda Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ke ajiye da tarin takardun Larabci da ajami, ta cancanci mujallar da za ta ware wa ajami kusurwa. Idan wani gida ya yarda ku ɗauki hoton takardun kakansu, manhajar Google Drive a waya na iya ɗauka ta mayar da su PDF. Ku nemi izini tukuna, ku kuma ba su kwafi.

Mataki na biyar: rubutu da gyara

Kada a yi rubutu kai-tsaye a cikin WordPress. A yi shi a Google Docs, cikin jaka guda da kowa ke gani a Drive na mujalla. Edita ya koma yanayin Suggesting, yadda gyaransa zai fito da launi marubuci ya ga abin da aka canza, don ta haka sabon hannu ke koyo. Ku kashe gyaran kalma na kai-tsaye, in ba haka ba manhajar za ta yi ta mayar muku da Hausa Turanci. Ku kunna aiki ba tare da intanet ba, saboda ranar da data ta ƙare.

Ku buɗe takarda guda ta ƙa'idojin gida: yadda za ku rubuta sunayen unguwanni, laƙabin sarakunan zango da limamai, sidi, kwanan wata. Shawarata game da harshe ita ce labari ya tafi da daidaitacciyar Hausa, don na Kano da na Zinder su karanta ba tuntuɓe, amma maganar da mutum ya yi a bar ta yadda ya faɗe ta. Idan hajiya mai waakye ta yi magana da Hausarmu ta Gana, ba aikin edita ba ne ya mayar da ita Bakanuwa.

Jadawalin aiki Google Sheets ya isa: take, marubuci, mai gyara, hoto, murya, ranar fita. Ku cika azumi, Sallah biyu, Maulidi, tafiyar alhazai da fitowar sakamakon jarrabawar BECE da WASSCE tun farkon shekara.

Hoton da aka turo muku a guruf, ku sa shi a Google Lens kafin ku yarda da shi. Sau tari za ku tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Dubawa, GhanaFact da Fact-Check Ghana suna bin diddigin jita-jita, ku riƙa leƙa su, musamman lokacin zaɓe. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma har yanzu ana iya kai ku kotu neman diyya, kuma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 ya yi magana kan yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankalin jama'a.

Mataki na shida: hoto

Hoton waya ɗaya kan kai megabait huɗu. Ku sa goma a labarin bikin aure, kun ci wa mai karatu megabait 40 daga ɗan bandir ɗin da ya saya. Ba zai dawo ba.

Ku buɗe Squoosh a burauza, ku jawo hoton. A gefen dama ku kunna Resize, ku mayar da faɗi 1200. Ku zaɓi WebP, ku sauke inganci zuwa wajen 70. Akwai layi a tsakiyar hoton da ake ja hagu da dama don kwatanta na asali da sabon. Ku duba fuska da zanen atamfa, in ba ku ga bambanci ba ku sauke shi. Galibi zai dawo ƙasa da kilobait 200. WordPress na karɓar WebP tun 2021.

Hoton kan labari ku yanka shi 1200 da 630, shi ne girman da ke fita daidai idan an tura mahaɗi a WhatsApp da Facebook. A Canva ku yi zubi guda mai tambarinku ku riƙa canza rubutu kawai, bayan kun gwada salon haruffan da layin ɓeran nan. Hoton wani ba naku ba ne don kun gan shi a Google, dokar haƙƙin mallaka ta 2005 na kare shi. Wikimedia Commons na da hotunan Akra da aka yarda a ɗauka da sharaɗin ambaton mai su. Fuskar yara, marar lafiya da jana'iza kuwa, sai da yardar masu su.

Mataki na bakwai: murya

Idan mataki ɗaya kawai za ku ɗauka daga wannan rubutu bayan na mabuɗai, to wannan ne. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu. Saboda haka akwai ɗimbin mutane a Nima da Mamobi da suke tashi da Hausa su kwana da ita, suna sauraren ta a gidan rediyon gwamnati na GBC da gidajen rediyon unguwa, amma idan ka miƙa musu rubutun boko sai sun yi ta haɗa baƙi. Iyayenmu mata da yawa ma ba karatun za su yi ba. Mujallar da ba ta da murya ta rufe wa rabin unguwa ƙofa.

Kowane rubutu ya fita da karatunsa. Ku sami mai murya mai daɗi da ba ya gaggawa. Wurin ɗauka ya zama ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, domin su ke shanye amsa-kuwwa. A kashe fanka. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don kada iskar f da b ta riƙa bugun makirfo. A unguwa irin tamu lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci: bayan asuba kafin masu babura da injin niƙa su tashi, ko can bayan isha'i.

Kafin mai karatu ya fara, a bar daƙiƙa biyar shiru. A laftof ku buɗe fayil ɗin da Audacity, wadda kyauta ce. Ku zaɓi shirun nan, ku shiga Noise Reduction ku danna Get Noise Profile, sannan ku zaɓi dukkan sautin ku sake shiga ku danna OK. Gurnanin da ke ƙasa zai ragu. Kada ku tsananta, murya na komawa kamar daga cikin rijiya. Ku yanke tari da maimaici, ku fitar da shi MP3, mono, a 64 kbps. A haka minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, karatun minti biyar kuma wajen megabait biyu da rabi. Ku sa shi a saman rubutun, ba ƙasa ba. Wanda ke ji yana bin layi da ido, a hankali zai iya fara karantawa da kansa.

Idan sautin ya yi yawa har ya fara cika masauki, ku riƙa ɗora shi a Spotify for Creators ko Internet Archive ku liƙo shi a shafi.

Mataki na takwas: kai wa mutane

WhatsApp ne babban titi. Ku buɗe tasha, wato Channel da aka fito da shi a 2023. Ya fi guruf domin mabiya ba sa ganin lambobin juna, ba kuma mai cika ku da saƙon a tura wa mutum goma. Jerin aikawa na Broadcast mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambarku ke samu. Ku tura take, layi biyu masu jan hankali da mahaɗi. Shafin Facebook ya kasance mutum biyu ke da cikakken iko a kansa.

Ku yi rajista a Google Search Console da imel ɗin mujalla, ku miƙa taswirar shafin da Yoast ko Rank Math ya haɗa. A can za ku ga kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ku, wanda yakan nuna abin da ya kamata ku rubuta gaba. Wajen zaɓar lokacin wallafawa ku tuna Najeriya da Nijar na gabanmu da awa ɗaya, 'yan'uwa na Bronx kuma na bayanmu da awa huɗu ko biyar. Idan za ku tara lambobi ko imel na masu karatu, dokar kare bayanai ta 2012 ta shafe ku: a gaya wa mutum abin da za a yi da su, kada kuma a miƙa wa ɗan siyasa ko mai talla.

Mataki na tara: kwafin ajiya

Ranar 14 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka sami matsala lokaci guda: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Gana ta kwashe kwanaki intanet na jan ƙafa. Wanda duk aikinsa ke sama kawai, zama ya yi.

Ku saita UpdraftPlus ya riƙa kai rumbun bayanai, wato rubuce-rubuce da saitin shafi, Google Drive kullum, hotuna da sauran fayiloli kuma mako-mako. Duk ƙarshen wata mutum guda ya sauke kwafi zuwa faifan ajiya na waje, ya ajiye a gidan da ba nan laftof take kwana ba. Unguwannin da ke bakin babbar kwata sun san abin da ruwan Yuni ke yi. Sau ɗaya a shekara ku gwada mayar da kwafin a wurin gwaji, don ku tabbatar yana buɗewa. Muhimman rubuce-rubuce, irin hira da dattawa kan tarihin zango, ku sa adireshinsu a Save Page Now na Wayback Machine, wurin da ke adana kwafin shafukan intanet.

Kafin ku danna sabunta WordPress ko filogin, ku ɗauki kwafi. Kada kuma a yi sabuntawar daren Sallah. Fawa-bank mai kyau da cajin laftof a cike su ne maganin ranar da kamfanin lantarki na ECG ya ɗauke wuta.

Mataki na goma: kuɗi

Kada ku gina lissafinku a kan AdSense, wato tsarin da Google ke sa talla a shafi ya biya mai shi. Google na da jerin harsunan da yake yarda a sa tallarsa a kansu, ku duba shi da idonku kafin ku sa rai, domin Hausa ta daɗe ba ta ciki. Ko an karɓe ku ma, sai kuɗin ya kai dala 100 ake biya.

Kuɗin da ya fi kusa yana unguwa: mai shagon abaya da atamfa a kasuwar Nima, makarantar Islamiyya mai neman ɗalibai, kamfanin tafiyar Umara, mai dafa abincin biki. Ku yi musu hoto a Canva da gajeriyar sanarwa ta murya, ku sa farashin wata. Duk abin da aka biya a rubuta Talla a kansa ƙarara. Maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in da masu alƙawarin biza kuwa, ku ƙi kuɗinsu, domin ranar da aka cuci wani sunanku zai kira.

Gudummawa kada ta shiga lambar MoMo ta mutum. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a ofishin rajistar kamfanoni, ku karɓi lambar 'yan kasuwa. Da wannan takardar kuna iya buɗe Paystack ko Hubtel, waɗanda ke karɓar MoMo da kati, sai na waje ma su iya taimakawa da katinsu. Tun da aka soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a Afrilun 2025, ƙananan gudummawa sun daina raguwa da wannan kason. Kowane sidi da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a Sheets da duk tawagar ke gani.

Ranar ƙarewar suna da ta masauki ku sa su a Google Calendar, da tunatarwa mako huɗu kafin lokaci, a wayar mutum biyu. Sunan da ya ƙare akan ba da ɗan lokaci, daga nan sai tara mai nauyi, daga nan kowa na iya saye. Kuɗin tallar farko da ya shigo, ku biya sunan na shekara biyu ko uku gaba. Mai ƙarewa da .com ana iya biyan sa har na shekara 10.